Sarƙar taimin a akori-kura: inda kuɗin gyara ke tafiya

Duk direban akori-kura da ya daɗe a kan hanya ya san wata ƙara da inji kan yi da sassafe. Za ka murɗa makulli, inji ya tashi, sai ka ji kacau-kacau daga gaban injin na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ta ɗauke kamar ba a yi ba. Da mota ta ɗau zafi shi ke nan, ba ƙara ba tari. Ta kai buhunan masara Dawanau, ta dawo da taki, ta kwana. Gobe da safe ƙarar ta sake dawowa, ta ɗan fi ta jiya tsawo. Direba ya ce sanyin asuba ne, mai mota ya ce a bari sai an fita daga kaka. Sau da yawa wannan ƙarar ta sarƙar taimin ce, wadda makanikai ke kira taimin cen, kuma daga ranar da aka fara jin ta kuɗin gyara ya fara hawa.

Tambayar farko da mai mota kan yi a gareji ita ce nawa za a kashe. Amsar da ya kan samu kuwa ita ce "sai an buɗe za a gani", amsar da ke ɓata wa mutane rai don suna ganin hanyar tatsar kuɗi ce. A wannan aikin dai makanike yana da gaskiya. Aiki ɗaya ne amma farashinsa uku: akwai na lokacin da sarƙar ke ƙara kawai, akwai na lokacin da ta tsallake haƙori, akwai na ranar da ta tsinke mota tana gudu. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai tazarar da ta kai kuɗin sabon inji.

Aikin da sarƙar ke yi

A ƙasan inji akwai kiranshaf, sandar ƙarfen da fistin-fistin ke juyawa. A sama akwai kamshaf, wanda ke buɗe bawuloli yana rufe su, don iska da mai su shiga, hayaƙi ya fita. Dole waɗannan biyun su tafi tare a kan ƙa'ida ɗaya: kiranshaf ya juya sau biyu, kamshaf ya juya sau ɗaya. Sarƙar taimin ce ke riƙe da wannan alkawari. Idan allurar mota ta nuna juyi 3,000 a minti, kiranshaf yana juyawa sau 50 ke nan a daƙiƙa guda, kowane bawul kuma yana buɗewa ya rufe sau 25 a cikin wannan daƙiƙar. A mafi yawan injunan zamani, da kusan dukan injunan dizal, fistin da bawul wuri ɗaya suke amfani da shi, wannan ya shiga bayan wancan ya fita. Sarƙar ce kaɗai ta hana su haɗuwa.

Wanda ya taɓa mallakar keke ko babur ya san yadda sarƙa ke yi idan ta tsufa: ta saki, ta riƙa kaɗawa, wata rana ta zame daga haƙoranta. Haka ta cikin inji take. Ƙarfen ba miƙewa yake yi ba. Ƙananan ƙusoshin da suka haɗa gaɓoɓinta ne ke cinyewa, kowace gaɓa ta samu ɗan gibi da ido ba ya gani, in aka tara gibin gaɓoɓi fiye da ɗari sai sarƙar ta ƙara tsawo. Don haka aka yi mata tenshina, wani ɗan ƙarfe da ke tokare ta da ƙarfin baƙin mai, da madogarai masu fuskar roba da take bi ta kansu. Wannan ne sirrin ƙarar safiya. Mota ta kwana, mai ya koma ƙasa, tenshina ba ta da ƙarfi, sarƙar da ta riga ta saki sai ta yi ta dukan madogaranta har mai ya hau. Idan ƙarar ta daina ɗaukewa, ko ta fara biyo direba kan hanya, to tenshinar ta ƙure iyakar fitowarta.

A motocin da ke da kwamfuta akwai wata shaida. Fitilar inji za ta kama a gaban direba, in aka sa na'ura sai ta nuna lamba P0016 ko P0017, ma'ana juyin kiranshaf da na kamshaf sun fara saɓawa. Mota ta rage ja, ta ƙara shan mai, tashi ya yi mata wuya. Sai dai waɗannan lambobin kan fito saboda lalacewar sensa, ko toshewar ɗan bawul ɗin mai na kamshaf, ko ma ƙarancin baƙin mai. Makaniken kirki zai fara duba waɗannan masu sauƙi kafin ya ce a kwance gaban inji, kuma mai mota yana da haƙƙin ya tambaye shi ko ya duba.

Ba kowace akori-kura ke da sarƙa ba

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, har a sayar musu da abin da motarsu ba ta da shi. Wasu injunan bel ne na roba ke yin wannan aikin. Bel yana da wa'adi, a canza shi ko bai nuna komai ba. Sarƙa ba ta da wa'adi a littafin mafi yawan motoci, an yi ta ne don ta rayu tsawon ran inji, muddin ana kula da mai.

Ɗauki Toyota Hilux, wadda ta fara fitowa a 1968, kuma ta cika hanyoyinmu daga motocin jami'an tsaro zuwa na 'yan kasuwa. Sunan ɗaya ne, injunan daban-daban. Mai shan fetur mai lita 2.7, injin 2TR-FE, sarƙa gare shi. Masu dizal da aka fi sani da D-4D, wato 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0, bel gare su, kuma wa'adinsa kilomita 150,000 ne, akwai ma fitila ta musamman da ke tunatar da direba. Daga 2015 Toyota ta kawo sababbin injunan dizal, 2GD mai lita 2.4 da 1GD mai lita 2.8, ta koma sarƙa. Mitsubishi L200 mai tsohon injin 4D56 bel gare ta. Saboda haka abu na farko da mai mota zai sani shi ne lambar injinsa, ba sunan da aka rubuta a ƙofar baya ba, musamman da yake akori-kura da yawa a nan an riga an sauya musu inji sau ɗaya ko biyu.

Dattawan direbobi za su tuna Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, wadda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kakuri ta Kaduna, kamfanin da ya fara aiki a 1975. Ita ma sarƙa gare ta, amma da wuya ka ji ana kukanta. Dalili shi ne kamshaf ɗin 504 mai fetur yana jikin inji kusa da kiranshaf, don haka sarƙar gajera ce, ba ta da doguwar tafiya, ba ta da madogarai masu yawa. Injunan yau sun ɗauke kamshaf sun kai shi can sama, wasu biyu, wasu huɗu, sarƙa ta yi tsawo, ta yi siriri don rage nauyi da shan mai, aka ƙara mata robobi da na'urorin sauya lokacin buɗe bawul. Ƙarfi ya ƙaru, shan mai ya ragu, amma wuraren lalacewa sun ninka.

Akwai misalai uku da labarinsu ya bazu a duniyar makanikai, kuma kowane yana koyar da wani abu game da kuɗi.

Na farko tsohon injin Toyota ne, 22R, wanda har yau yana jan tsofaffin Hilux a ƙauyuka. Na farkon fitowa sarƙarsa mai layi biyu ce. Daga baya, a cikin shekarun 1980, aka mayar da ita mai layi ɗaya da madogaran roba. Idan sarƙar ta saki sai ta karya madogarin, ta fara gogar murfin gaban inji, wanda na alminiyam ne. A bayan wannan wurin da take goga akwai hanyar ruwan sanyaya inji. Tana nan tana ci a hankali har ta huda, ruwa ya gangara cikin baƙin mai, mai ya koma kalar shayi da madara, ƙarafan da kiranshaf ke kwance a kai su ƙone. Injin da aka san shi da ƙin mutuwa, ɗan guntun roba ne ke kai shi ƙasa. Wanda ya gyara da wuri ya sayi sarƙa da madogarai. Wanda ya jira ya sayi murfi, ya sayi ƙarafa, wani lokaci har a kai kiranshaf wajen masu gogewa.

Na biyu Nissan Navara ce samfurin D40, wadda ta fito a 2005, mai injin dizal YD25. Sarƙoƙi biyu gare shi, ta ƙasa da ta sama. A yawancinsu ta ƙasan mai layi ɗaya ce, alhali ita ke ɗauke da nauyin famfon dizal. Ta yi ƙaurin suna wajen saki da tsinkewa, har a ƙasashe irin su Ostareliya da Birtaniya ake sayar da kayan mayar da ita mai layi biyu. Duk mai wannan motar da ya zo canza sarƙa, ya kamata ya tambayi irin wannan kayan, ko da ya fi tsada.

Na uku daga Amurka ne, inda akori-kura ta zama motar gida: jerin Ford F shi ne kan gaba a cinikin irin waɗannan motoci a can tun 1977. Injin V8 mai lita 5.4 da aka sa wa F-150 daga 2004 zuwa 2010 sarƙoƙi biyu dogaye gare shi, da tenshina biyu, da na'urorin da ke kan kamshaf waɗanda su ma ke lalacewa su riƙa ƙara kamar injin dizal. Sannan ga injin V6 mai lita 4.0 na tsohuwar Ford Ranger, wanda ɗaya daga cikin sarƙoƙinsa a bayan inji take, ta wajen giya. Kafin a kai gare ta sai an sauke inji ɗungurungum. Irin waɗannan motocin suna shigo mana a matsayin tokumbo, da kyan jiki da sanyin kujera, mai saye bai san abin da ke jiransa a ciki ba.

A can aiki ne mai tsada, a nan kaya

A Amurka canza sarƙar taimin ta akori-kura kan ci daga wajen dala 1,500 zuwa 3,000, wani lokaci fiye da haka a manyan injuna. Abin lura shi ne mafi yawan kuɗin ba na kaya ba ne. Cikakken kayan sarƙa na 'yan ɗaruruwan daloli ne. Gareji a can da awa yake caji, awa ɗaya kuma ta haura dala 100 a mafi yawan wurare, aikin kuwa yana cin wuni guda ko biyu. A misali, awa 10 a kan dala 130 ya zama dala 1,300 tun ba a sayi ko ƙusa ba. Shi ya sa makaniken can zai ce maka tunda an buɗe, a canza komai da ke ciki, don ba wanda ke son biyan kuɗin buɗewa sau biyu.

Me ya sa aikin ke cin lokaci haka? Sarƙar tana ɓoye ne a bayan murfin gaban inji, cikin mai. Kafin a gan ta sai an zubar da ruwa da mai, a cire fanka da fambel, sau da yawa har da lagireto, a kwance altaneta da famfon sitiyari da injin sanyaya ɗaki, a cire babban fulin kiranshaf wanda ƙusarsa ke da taurin kai, a ɗaga murfin sama, a wasu injunan a sauke kwanon mai na ƙasa. A mota mai jan ƙafa huɗu gatarin gaba kan tare hanyar kwanon. Bayan an canza, a daidaita alamomin taimin ɗaya bayan ɗaya, a goge fuskokin ƙarfe tas, a sa gasket da gam, a mayar da komai.

A Kano ko Kaduna ko Sakkwato lissafin juyawa yake yi. Ladan makanike, in aka kwatanta da wahalar da ya sha, kaɗan ne, kuma ana ciniki a kansa kamar yadda ake cinikin komai. Kaya ne ke cin kuɗi, domin daga waje suke zuwa, da dala ake sayo su. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki darajar naira a watan Yuni na wannan shekarar, dala ta haura naira 1,500 a 2024. Kayan da ake sayowa dala 200, wanda a lissafin farko naira 92,000 ne, ya koma 300,000, ba a sa kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. Wannan ne ya sa ɗan kasuwa a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo ta Legas zai ba ka farashi yau, ya ce maka na yau ne kawai.

To a nan matsalar take, kuma ita ce zuciyar wannan rahoto. Da yake kaya ne masu tsada, a kansu mai mota ke neman ragi. Zai ce a sa sarƙa kawai a bar tenshina. Ko a sa tenshina a bar sarƙa, tunda tenshinar ce ke hana ƙara. Ko a kawo mai araha daga cikin kwalaye ukun da ɗan kasuwa ya jera masa a kan kanta, na asali da mai bi masa da na ƙasa. Ni a ganina wannan shi ne wurin da bai kamata a yi tsimi ba ko kaɗan. Mu da Allah Ya ba mu sauƙin ladan aiki, ya kamata rarar ta tafi wajen sayen kaya masu kyau. Araha ba ta ado, a cikin inji kuwa har kisa take yi.

Dalilin a fili yake. Sarƙa da faifan haƙoran da take hawa tare suke cinyewa, kowane ya ɗauki siffar ɗan'uwansa. In ka ɗora sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora, za su cinye ta cikin ɗan lokaci. In ka bar tsohon madogari, robarsa ta riga ta sha zafi ta bushe, ranar da ta ga dama za ta ɓalle. In ka sa sabuwar tenshina a kan tsohuwar sarƙa, ka kashe ƙarar ne ka bar cutar, ka kuma rasa abin da zai gargaɗe ka. Cikakken aiki shi ne sarƙa ko sarƙoƙi, da tenshina, da madogarai duka, da faifan haƙora, da sil ɗin gaban kiranshaf, da gasket, da sabon mai da filta, da ruwan sanyaya inji. In famfon ruwa ko famfon mai suna kan hanya kuma sun tsufa, wannan ce ranar canza su. In an tarar madogari ya karye, wajibi ne a sauke kwanon mai a tsince gutsattsarin robar, domin su ne ke toshe matatar da ke tsotso mai, inji ya mutu da ƙishi bayan an gama biyan kuɗin gyara.

Kamfanonin da ke ƙera sarƙoƙin da masu motoci ke sawa tun daga masana'anta sanannu ne: Tsubaki da DID a Japan, Iwis a Jamus, BorgWarner a Amurka. Amma suna a jikin kwali ba hujja ba ne, don masu jabu sun ƙware wajen buga kwali fiye da ƙera ƙarfe. Abin da ya fi kare mai saye shi ne ɗan kasuwan da ke da shago tsayayye, wanda zai rubuta rasit da lambar kaya, wanda kuma za a iya komawa wurinsa. Akwai masu cewa gara na Beljiyam, wato wanda aka ciro daga wani inji, da sabon jabu. A kan murfi ko fuli ko wani ƙarfe da ba ya cinyewa, maganarsu gaskiya ce. A kan sarƙa da tenshina da roba kuwa, sayen tsoho sayen ragowar ran da ba ka san tsawonsa ba ne.

Sai kuma hannun da zai yi aikin. Ba kowane mai sifana ne zai taɓa taimin ba. Haƙori ɗaya aka kuskure, mota za ta tashi amma ba za ta ja ba. Aka kuskure da yawa, bawul zai lanƙwashe tun a murɗawar farko. Makaniken da ya san aikinsa zai juya inji da hannu zagaye biyu kafin ya sa makulli, ya tabbatar alamomi sun dawo wurinsu kuma babu abin da ya tokare. Zai ɗaure ƙusoshi da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse da bututu ba. Ba zai cika gam ba har ya tsiyaya ciki ya toshe hanyoyin mai. Irin wannan makaniken ya cancanci a biya shi fiye da na gefensa, kuma mai motar da ya matse shi a kan ladansa, ya sani cewa yaran gareji za a bar wa aikin.

Farashin jira

Idan sarƙa ta tsallake haƙori ɗaya ko biyu, mota kan mutu ko ta riƙa tafiya da ƙyar, kuma in an yi sa'a bawuloli ba su taɓu ba. Idan ta tsallake da yawa ko ta tsinke, kamshaf ya tsaya, wasu bawuloli suka tsaya a buɗe, fistin ya taso ya same su. A nan sai an cire tof silinda, a canza bawulolin da suka lanƙwashe, a kai wajen masu injin gogewa, a sayi sabon gasket na kai da ƙusoshinsa. A injin dizal ɓarnar ta fi muni, don matsin da ke ciki ya fi yawa: kamshaf kan karye, fistin kan fashe, kan injin ma kan tsage. Daga nan maganar ta tashi daga gyara ta koma neman injin tokumbo, wanda shi ma da dala aka shigo da shi, shi ma kuma da tsohuwar sarƙarsa ya zo. Wanda ya kai ga sayen irin wannan injin, ya fi masa sauƙi ya sa a buɗe gabansa a duba tun yana ƙasa, kafin a ɗora shi a mota.

Akwai kuma kuɗin da ba ya shiga takardar makanike. Akori-kura ba motar yawo ba ce, ita ce jarin gida. Sarƙa ba ta tsinkewa a ƙofar gareji. A kan hanya take tsinkewa, da lodi, lokacin da inji ke aiki da ƙarfinsa. Mai ɗauke da kwandunan tumatir daga Kadawa, ko albasa daga Aliero, in mota ta mutu masa a daji, zai biya janwe, ya biya wata motar da za ta kwashe kayan, ya yi asarar abin da rana ta dafa, ga fargabar tsayuwa a wasu hanyoyin a irin wannan zamani. Sannan mota ta yi makonni a gareji ana haɗa kuɗi, direba da yaron mota suna zaune, abokan ciniki sun koma wurin wani. Aikin da za a yi cikin kwana biyu a lokacin da aka zaɓa, ya koma na wata guda a lokacin da ba a shirya ba.

Baƙin mai ne ran sarƙa

Sarƙar taimin a cikin mai take rayuwa, kuma mafi yawan waɗanda suka mutu da wuri mai ne ya kashe su. Tsohon mai yana ɗauke da baƙin toka na ƙonewa, musamman a injin dizal, da ƙurar da ta kuɓuce wa filtar iska. Waɗannan ƙananan ƙwayoyin suna shiga tsakanin ƙusoshin sarƙa suna goge su dare da rana. Idan mai ya yi kauri ya zama laka, ƙananan ramukan da ke kai shi ga tenshina sai su toshe. Masana'antun mai da na motoci sun ɗauki abin da muhimmanci har ma'aunin ingancin mai na API SP, wanda ya fara aiki a 2020, ya haɗa da gwaji na musamman kan cinyewar sarƙar taimin.

Yanayinmu kuwa shi ne ainihin abin da littattafan motoci ke kira yanayi mai tsanani: ƙurar hunturu, zafin bazara, lodi fiye da ƙima, hanyar da ba kwalta, doguwar tsayuwa inji na aiki. A irin wannan hali masu ƙera mota kan ce a rage tazarar sabis, sau da yawa zuwa rabi, daga kilomita 10,000 zuwa 5,000. Ingancin dizal ma yana da hannu. Rahoton da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a 2016 ya nuna ana shigo da dizal mai yawan sinadarin sulfur Afirka ta Yamma, a lokacin da Turai ta taƙaita shi a kashi 10 cikin miliyan, Nijeriya kuwa tana barin har 3,000. Sulfur mai yawa yana saurin lalata baƙin mai. Ga kuma jabun mai da ake ɗurawa a tsofaffin galan, da na awo da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi ba tare da an san asalinsa ba.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare: inji ya fara ƙara, sai a ce a zuba masa mai mai kauri don ya yi shiru. A tsohon inji irin na 504 ba laifi sosai. A injin zamani mai ƙananan hanyoyin mai, mai kauri yana jinkirin isa tenshina da safe, wato yana ƙara tsawon daƙiƙoƙin da sarƙa ke dukan robobinta a bushe. Filta mai araha ma tana da nata laifin, domin filtar kirki tana da ɗan bawul da ke hana mai komawa ƙasa idan mota ta kwana, jabu kuwa ko ba ta da shi ko ba ya aiki. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin tafiyar da mota ya yi tsalle, kuma abin da direbobi da yawa suka fara ɗagawa shi ne ranar sabis. Ana fahimtar halin da suke ciki, amma kuɗin galan biyu na mai da aka yi tsiminsa, a sarƙa ake biyansa ninki-ba-ninki.

Wanda zai sayi akori-kura ta hannu, ya roƙi dillali kada a tayar da ita kafin ya iso. Ya taɓa inji ya ji da sanyi, ya buɗe bonet, ya sa wani ya murɗa makulli shi kuma ya saurara. Ya buɗe murfin zuba mai ya leƙa ko akwai laka. Ya nemi a sa mata kwamfuta. Motar da aka ɗumama kafin mai saye ya zo, akwai abin da ake ɓoyewa, kuma in an ji ƙarar, a cire kuɗin cikakken aikin sarƙa daga farashi tun a wurin ciniki.

Kai kuma mai mota da ka riga ka fara jin wannan ƙarar, ka duba mai yau, ka canza shi da filta mai kyau, ka saurara gobe da safe. In ba ta tafi ba, ka kai ta wurin wanda ya san irin injinka, ka nemi ya rubuta maka kayan ɗaya bayan ɗaya da ladan aikinsa daban, ka je kasuwa tare da shi ko da wanda ka yarda da shi, ka ce a nuna maka tsofaffin kayan bayan an cire. In kuɗin cikakken kaya bai samu ba, ka ajiye motar har ya samu, kada ka yarda a yi maka rabin aiki.